Tambaya da Amsa: Garken Taurari Mai Sanda da Aka Hango a Farkon Zamani

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana a wannan wata duk a kan abu ɗaya suke magana, wato hoton wani garken taurari mai nisan gaske da ya riƙa yawo a wayoyin jama'a, saboda haka muka haɗa su wuri guda domin amsar ɗaya ta taimaki ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sana'ar shanu ne a karar Oko-Oba da ke Agege. Yarona ya nuna mini wani rubutu a Facebook da ke cewa Turawa sun hango tagwayen duniyarmu a can ƙarshen sama, wai har da sanda a tsakiyarta. Shin wata duniya ce mai mutane irin tamu, kuma wace irin sanda ake nufi? Daga wani Alhaji, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Labarin da yaronka ya nuna maka yana da tushe, sai dai wanda ya rubuta shi ya zuba masa gishiri fiye da kima. Abin da aka hango ba duniya ba ce irin wannan da muke takawa, kuma babu wanda ya ce ya ga mai rai a cikinsa. Garke ne na taurari, kuma tun da shanu ne sana'arka, wannan kalma za ta sauƙaƙa mana bayani.

Taurari ba a warwatse suke a sarari kara zube ba, a tare suke garke-garke, kuma ƙarfin janyowa da ke tsakaninsu shi ne igiyar da ta ɗaure kowane garke. Ranarmu tauraruwa ce guda ɗaya a cikin wani garke da masana suka ƙiyasta yana ɗauke da taurari tsakanin biliyan 100 zuwa biliyan 400. Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a ƙauye cikin daren da babu farin wata ya ga wani farin zane mai kama da hayaƙi da ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan zane shi ne garkenmu kamar yadda yake bayyana ga wanda ke cikinsa, Larabawa suna kiransa Majarra, Turawa kuma suka ba shi suna mai ma'anar hanyar nono. Siffarsa kamar faifai take, faɗinsa ya kai tafiyar da haske zai yi a shekara 100,000, rana kuma tana nesa da tsakiyarsa da tafiyar haske ta kimanin shekara 26,000, tana kewaya tsakiyar sau ɗaya a cikin shekara wajen miliyan 230.

Batun sanda kuwa, ka fi ni sanin siffarta. Ka tuna yadda makiyayi yake gicciye sandarsa a bayan wuya, ya rataye hannuwansa a kan bakinta biyu. To, akwai garkunan da idan aka dube su daga sama ake ganin hannuwa masu lanƙwasa suna murɗewa daga tsakiya zuwa gefe, kamar zanen da ludayi ke bari a kan nono idan ana dama fura. A wasu daga cikinsu hannuwan suna fitowa ne kai tsaye daga dunƙulen tsakiya, a wasu kuma akwai miƙaƙƙen jerin taurari da ya gitta tsakiyar, hannuwan suna tasowa daga bakinsa biyu, daidai da makiyayin nan da sandarsa. Edwin Hubble, masanin taurari ɗan Amurka, ya ware wa irin waɗannan aji na musamman tun a 1926, kuma a yau an san cewa kimanin kashi biyu cikin uku na garkuna masu hannuwa da ke kusa da mu suna da sanda. Namu ma yana da ita, ko da yake an daɗe kafin a tabbatar, domin wanda ke tsakiyar kasuwar Mile 12 ba ya iya ganin fasalin kasuwar. Masanin taurari Gérard de Vaucouleurs ya yi hasashen haka a 1964, sannan madubin hangen nesa na Spitzer, wanda a lokacin aikinsa yake iya gani ta cikin ƙura, ya ƙarfafa maganar a 2005.

Garken da ake magana a kansa sunansa ceers-2112. Wani ayarin masana ƙarƙashin jagorancin Luca Costantin, na cibiyar binciken rayuwa a sararin samaniya da ke Madrid a Sifaniya, shi ne ya gano shi a cikin hotunan madubin hangen nesa na James Webb, aka buga sakamakon a mujallar Nature a watan Nuwamba na 2023. Hasken da ya fito daga gare shi ya yi tafiyar shekara kimanin biliyan 11.7 kafin ya iso, saboda haka muna ganinsa ne yadda yake a lokacin da sararin halitta bai wuce shekara biliyan 2 da 'yan kai ba, alhali yanzu an ƙiyasta shekarunsa biliyan 13.8. Idan muka ɗauki sararin a matsayin dattijo mai shekara 70, to wannan hoton an ɗauke shi ne yana yaro ɗan shekara goma ko sha ɗaya.

A nan ne abin mamakin yake. Kai idan aka kawo maka sa, bakinsa kake buɗewa ka duba haƙora ka san shekarunsa, masana taurari kuma sanda suke dubawa a matsayin alamar cewa garke ya manyanta. Dalili shi ne sanda ba ta fitowa sai faifan ya natsu, taurarinsa suna kewayawa cikin tsari. A irin wannan faifai, idan wasu taurari suka ɗan karkace daga da'ira zuwa kewaye mai siffar ƙwai, nauyinsu yana jawo maƙwabtansu su bi sahu, abin ya yi ta ƙaruwa har a sami dogon jeri da ke juyawa gaba ɗaya kamar abu guda. Garkunan farkon zamani kuwa cike suke da iskar gas mai hargitsi, suna ta karo da juna, kamar talge a kan wuta, kuma gwaje-gwajen lissafi da aka yi a kwamfuta sun nuna cewa garkuna irin kakannin namu kusan ba su da sanda kafin sararin ya kai shekara biliyan 4. Binciken da Kartik Sheth ya jagoranta a 2008, wanda ya duba garkuna fiye da 2,000 da madubin Hubble, ya goyi bayan wannan fahimta, domin ya nuna cewa shekara biliyan 7 da suka wuce kimanin kashi 20 cikin 100 ne kawai ke da sanda. Ganin ceers-2112 da sandarsa ya zama kamar a kawo maka maraƙin da ka san ranar haihuwarsa, ka buɗe bakinsa ka tarar haƙoran manya sun cika.

Kalmar tagwaye ita ce ba ta dace ba. Nauyin taurarin ceers-2112 ya kai na rana biliyan 3.9, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na garkenmu a yau ba. Abin da masu binciken suka faɗa shi ne siffarsa da nauyinsa sun yi daidai da yadda ake zaton namu yake a ƙuruciyarsa, kamar yadda maraƙin bunaji yake nuna maka yadda bijimin da ke turke yake tun yana shan nono.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin kimiyya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake sanin nisan abin da ba wanda ya taɓa zuwa wurinsa, da kuma dalilin da ya sa madubin Hubble, wanda ya daɗe a sama, bai ga wannan sandar ba. Daga wata ɗaliba, Idi-Araba, Legas.

AMSA: Barka kadai, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayoyinki biyu amsarsu ɗaya ce, kuma tana cikin abin da ke faruwa da haske a kan hanya.

Haske yana tafiyar kilomita kimanin 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk da wannan gudu sai ya yi minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mana daga rana. Yana tafiya ne a igiya-igiya, kuma tsawon igiyar shi ne ke bambanta launi da launi, shuɗi gajeriyar igiya gare shi, ja kuma doguwa. Bayan ja akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda za mu kira hasken bayan-ja, irinsa ne rimot yake aika wa talabijin. To, sararin da ke tsakanin garkuna yana buɗewa a kullum, kuma hasken da ke ratsa shi yana miƙewa tare da shi, kamar yadda zanen da kika yi da biro a kan danƙo zai ƙara tsawo idan aka ja danƙon. Gwargwadon daɗewar haske a hanya, gwargwadon miƙewarsa. Hasken ceers-2112 ya iso da igiyar da ta ninka tsawonta na asali sau huɗu.

Yadda ake gane hakan shi ne, akwai wuraren da hasken garke yake faɗuwa kwatsam a jerin launuka saboda iskar haidurojin tana shanye shi, kuma an san ainihin mazaunin waɗannan wurare daga awon da aka yi a ɗakunan gwaji. Sai a ɗauki hoton garken ta matatun launi daban-daban, a ga inda faɗuwar ta koma, a lissafa yawan miƙewar, daga nan a fitar da shekarun tafiyar. Da wannan hanya ta matatu aka auna ceers-2112, kuma ba ta kai hanyar baje hasken dalla-dalla daidaito ba, shi ya sa za ki ga a ko'ina ana cewa kimanin. Ki kuma lura da wani abu da ke rikita ɗalibai da yawa. Biliyan 11.7 tsawon lokacin tafiyar hasken ne, amma da yake sararin bai daina buɗewa ba tun da hasken ya taso, inda garken yake a yau ya zarce tafiyar haske ta shekara biliyan 20.

Madubin Hubble an harba shi a 1990, faɗin madubinsa mita 2.4, kuma iyakar igiyar da yake kamawa ita ce maikiron 1.7, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Ki raba 1.7 gida huɗu, za ki sami kimanin maikiron 0.4, wato tsawon igiyar shuɗin haske, sai ki ga cewa abin da Hubble yake gani daga ceers-2112 haske ne da ya taso a matsayin shuɗi. Shuɗin haske na sababbin taurari ne masu zafi, waɗanda ke warwatse dunƙule-dunƙule a cikin faifai, ita kuwa sanda yawanci tsofaffin taurari ne masu jan haske suka gina ta, ga kuma ƙura da ke rufe ta. Don haka Hubble ya ɗauki hoton wannan yanki na sama shekaru da yawa kafin nan, amma abin da ya fito ɗan tabo ne marar fasali.

James Webb an ƙera shi ne musamman domin hasken bayan-ja. Hukumar sararin samaniya ta Amurka ce ta gina shi tare da takwarorinta na Turai da Kanada, aka harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021, a kan rokar Ariane 5 daga yankin Giyana na Faransa da ke Kudancin Amurka. Madubinsa mai faɗin mita 6.5 haɗin gutsattsari 18 ne da aka shafe da zinariya, yana zaune kilomita miliyan 1.5 daga ƙasa, a bayan wata laima mai hawa biyar da ke kare shi daga zafin rana har sanyinsa ya wuce digiri 220 ƙasa da sifiri. Wannan sanyi wajibi ne, domin duk abu mai ɗumi yana fitar da hasken bayan-ja, kuma madubi mai ɗumi zai makantar da kansa. Kyamararsa mai suna NIRCam tana kama igiya har zuwa maikiron 5, wato daidai inda hasken tsofaffin taurarin ceers-2112 ya koma.

Akwai abin da nake so ki riƙe a matsayinki na ɗaliba. Sunan garken ya samo asali ne daga CEERS, wani shirin ɗaukar hotunan sama da madubin Webb, wanda Steven Finkelstein na Jami'ar Teksas da ke Austin ya jagoranta, kuma yana cikin shirye-shiryen farko da aka sharɗanta cewa za a saki hotunansu ga kowa nan take. Hotunan da Costantin da abokan aikinsa suka yi amfani da su suna nan a rumbun intanet kyauta, ɗaliba a Idi-Araba mai kwamfuta da data da ɗan ilimin rubuta manhaja tana iya sauke su yadda ɗan Madrid ya sauke.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Wasu abokan aikina suna cewa wannan ganowa ta rusa duk lissafin da masana suka yi game da shekarun sararin samaniya. Me zan faɗa wa ɗalibaina? Daga wani malami, Obalende, Legas.

AMSA: Allah ya saka da alheri, Malam. Ka faɗa musu cewa lissafin shekarun sararin ba a kan sandar garkuna aka gina shi ba. An samo biliyan 13.8 ne daga wasu awo na daban, musamman awon daɗaɗɗen hasken da ya cika sama tun farkon halitta, wanda tauraron ɗan'adam na Planck ya auna da kyau, da kuma awon saurin buɗewar sararin. Abin da ceers-2112 ya taɓa shi ne fahimtar masana game da saurin girman garkuna, kuma a wannan fage ya taɓa wuri mai zafi.

Masu binciken sun fitar da abubuwa uku. Sun ce sanda tana iya haɗuwa a cikin shekara kimanin miliyan 400, lokacin da bai kai kewaye biyu na ranarmu ba. Sun ce lallai akwai natsattsun faifan taurari tun fiye da shekara biliyan 12 da suka wuce, tun da sai faifai ya natsu sanda take fitowa. Na ukun shi ya fi jan hankalina, kuma ya shafi ɓoyayyen abin nan da ba ya fitar da haske, wanda ba a san da shi ba sai ta janyowar da yake yi, kuma wanda ya ninka abin da ake gani kusan sau biyar a sararin baki ɗaya. Tun a 1973 Jeremiah Ostriker da James Peebles suka nuna ta hanyar lissafin kwamfuta cewa faifan taurari da ke tsaye shi kaɗai yana saurin rikiɗewa ya yi sanda, amma idan yana lulluɓe cikin babban dunƙulen ɓoyayyen abu sai rikiɗewar ta yi jinkiri. Fitowar sanda da wuri haka tana nuna cewa a cikin ceers-2112 taurari da gas sun riga sun rinjayi ɓoyayyen abin a wurin da faifan yake, saɓanin abin da gwaje-gwajen kwamfuta suke bayarwa.

Dalilin da ya sa masana suka damu da sanda har haka shi ne aikin da take yi. Yayin da take juyawa tana rage wa gas ƙarfin kewayawa, sai gas ɗin ya gangaro ta jikinta zuwa tsakiya, kamar yadda gadar Third Mainland take kwaso motoci da safe ta zuba su a tsibiri. Gas ɗin da ya taru a tsakiya yana haifar da sababbin taurari da yawa, yana gina dunƙulen tsakiya, kuma yana iya ciyar da baƙin ramin da ke can, wato dunƙulen da ƙarfin janyowarsa ba ya barin ko haske ya kuɓuce, irin wanda ke tsakiyar garkenmu mai nauyin rana miliyan 4. Idan sanduna sun fara wannan aiki shekara biliyoyi kafin lokacin da aka zata, to tarihin garkuna da yawa sai an sake lissafa shi.

Da ceers-2112 shi kaɗai ne, da na ce a yi hattara, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma tun a farkon 2023 Yuchen Guo da Shardha Jogee na Jami'ar Teksas sun ba da rahoton garkuna shida masu sanda a cikin hotunan CEERS, biyu daga ciki na shekara kimanin biliyan 11 da suka wuce, ciki har da EGS-23205 wanda a hoton Hubble dusu-dusu yake, a hoton Webb kuma sandarsa ta fito ɓaro-ɓaro. A 2025 kuma ayarin Shuo Huang daga Japan ya yi nazarin wani garke mai suna J0107a, na shekara biliyan 11.1 da suka wuce, da taimakon na'urorin hangen nesa na ALMA da ke hamadar Atakama a Chile. Shi wannan ƙato ne, nauyinsa ya ninka na garkenmu fiye da sau 10, yana haifar da taurari da saurin da ya ninka namu wajen sau 300, kuma an auna gas ɗin da ke kwarara ta sandarsa kai tsaye. A ganina wannan darasi ne mai kyau ga aji, ka nuna wa yara hasashen kwamfuta, ka nuna musu hoton da ya saɓa masa, ka tambaye su wanne daga cikin zaton da aka cusa wa kwamfutar ne ya kamata a fara tuhuma.

TAMBAYA: Yallaɓai, idan na sayi madubin hangen nesa, zan iya ganin wannan garke daga rufin gidanmu? Daga wani matashi, Alaba Rago, Legas.

AMSA: Ba za ka iya ba, ɗana, ko da kuwa an ɗauke wuta a Legas gaba ɗaya an kashe kowane janareto. Garken yana wani ɗan yanki na sama ta arewa, kusa da taurari bakwai da Larabawa ke kira Banatu Na'ash, amma haskensa ya yi rauni ƙwarai, kuma mafi yawansa ya koma inda ido ba ya gani.

Abin da za ka iya gani shi ne garken Andiromeda, maƙwabcinmu mafi girma, wanda haskensa ke tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso. Masanin taurari Abdurrahman as-Sufi ya ambace shi a littafinsa na taurari a shekarar 964, ya siffanta shi da ɗan ƙaramin gajimare, kuma da ido kawai ya gan shi. Fitilun birni da hazon teku za su hana ka a nan, saboda haka ka bari sai ka je gida Arewa ko ka fita bayan gari sosai, a watan Oktoba ko Nuwamba bayan ɗaukewar damina kafin ƙurar hunturu ta yi kauri. Ka zaɓi daren da babu farin wata, ka fuskanci arewa wajen ƙarfe tara zuwa goma na dare, ka ɗaga kai sama da rabin hanya zuwa tsakiyar sama, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu ba tare da ka duba waya ba. Tabarau mai ido biyu irin na 'yan kallon ƙwallo ya isa ya nuna maka shi a matsayin farin tabo mai siffar ƙwai.